Wanda Ruwa Ya Ci Gidansa, Waya Zai Ci?

Ranar Lahadin da ta wuce muka yi zaman ƙungiyarmu ta 'yan gari ɗaya a nan wajen Mile 12 a Legas, bayan la'asar, a rumfar da muka saba. Maganar asusun taimako ce a gabanmu. Tun ambaliyar Maiduguri muka buɗe shi, muka sake tara masa bayan ta Mokwa, yanzu akwai ɗan abin da ya rage, ana shawarar yadda za a yi da shi kafin damina ta kankama. Wani ya ce shinkafa. Wani ya ce katifu da barguna. Aka ɓata kusan rabin sa'a a kan ko taliya ta fi shinkafa jure ajiya.

Sai wani matashi mai gyaran waya a Ikeja ya ɗaga hannu. Ya ce, "Iyayena, a gafarce ni. Me zai hana mu cire wani abu mu sayi farantin sola biyu da batir, da abin caji mai baki da yawa, da oba-oba, rediyon hannun nan na magana da ba ya buƙatar sabis, ko da guda huɗu ne, mu ajiye? Ran da ruwa ya zo, wuta ke fara tafiya, sabis ya bi bayanta."

Wani dattijo a cikinmu, mutumin kirki wanda duk muke ganin girmansa, ya dube shi ya ce, "Kai ɗana, wanda ruwa ya ci gidansa, waya zai ci?"

Aka kwashe da dariya. Yaron ya ce, "Haka ne, Baba," ya koma ya zauna. Ni ma ban ce uffan ba. Shirun nan nawa shi ya dame ni har na dawo gida, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Yaron ne ke da gaskiya. Kuma dariyar da muka yi masa, ita ce dai ake yi a ofisoshin da ake tsara kasafin kuɗi, sai dai can da Turanci ake yin ta. Ra'ayina shi ne duk inda aka ware kuɗin agajin bala'i, daga asusun rumfarmu har na gwamnatin tarayya, a fitar da kason sadarwa a rubuce. A fitar da shi tun sama tana fari, kafin hadari ya haɗo. Kuma mafi yawansa ya tafi wajen kula da kayan da biyan mutanen da za su riƙe su, ba wajen bikin yanke kyalle ba.

Kwana uku a ƙofar ɗakina

Daren 9 ga Satumba 2024, wayewar 10, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri. Rabon garin da irin wannan tun 1994. Kowa ya ga hotunan: Kasuwar Monday, Gwange, fadar Shehu, asibitin koyarwa, katangar gidan yari ta faɗi, namun daji sun fito daga inda ake tsare da su. Akwai abin da hoto bai ɗauka ba, shi kuwa a ƙofar ɗakina na gan shi.

Maƙwabcina ɗan Barno ne, hula yake sayarwa. Mahaifiyarsa da matarsa da 'ya'yansa huɗu duk suna Gwange. Da asuba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce, "Malam, ara mini wayarka, tawa ta ƙi shiga." Laifin ba na wayarsa ba ne. Muka gwada tawa, muka gwada ta matata, muka gwada ta mai shayin bakin layi, kamfani daban-daban. Ta matarsa a kashe. Ta ƙaninsa ba a samu. Ta limamin unguwarsu haka. Kafin azahar ya haddace muryar matar nan mai cewa ba a samun lambar da ka kira, har yana riga ta faɗi.

Kuɗi na nan a asusunsa, jarin hularsa gaba ɗaya, a shirye yake ya tura. Wa zai tura wa? Ko ya tura, wane mai POS ne zai ciro musu, alhali injinsa ba caji ba sabis? Sau biyu yana haɗa jaka zai tafi tasha, muna riƙe shi. Daga Ikko zuwa Maiduguri kusan kwana biyu ne a mota, in ya isa ma bai san inda zai dosa ba. Ya daina cin abinci. Bidiyon da duk ya shigo WhatsApp sai ya tsayar da shi, ya buɗa hoton da yatsu biyu, yana duba fuskokin mutanen da ke kan rufin gidaje.

A rana ta uku wata baƙuwar lamba ta shigo. Ƙaninsa ne. "Yaya, muna raye, mu duka. Muna wata makarantar firamare. Inna ba ta da maganin hawan jininta." Sai ƙit. Kiran bai kai minti ɗaya ba. Daga baya muka ji wani mai keke napep ne ya ciro batirin kekensa yana yi wa mutane caji, kowa 'yan mintuna, a inda ake ɗan samun sabis.

Kafin magariba maƙwabcina ya samo wani abokinsa a ɓangaren garin da ruwa bai kai ba, ya tura masa kuɗi, aka kai wa tsohuwa magani, aka kai wa yara burodi da ruwan leda. Ba gwamnati, ba ƙungiyar agaji. Batirin keke napep ne da kiran da bai kai minti ɗaya ba.

Amsar tambayar Baba ke nan. Ba wanda zai ci waya. Amma mu nan da muke kudu, dubbanmu, kowa na da ɗan abin da zai tura gida cikin minti ɗaya, kuma ya fi kowace hukuma sanin abin da mahaifiyarsa ke buƙata. Rashin sabis ya ɗaure hannun wannan agajin gaba ɗaya, shi kuwa shi ne agajin da ya fi kowanne sauri.

Su ma masu aikin ceto haka ne. Mai kwalekwale inda aka kira shi yake zuwa. Tirelar shinkafa kuwa inda ake ganin taro take tsayawa, bakin kwalta, gaban 'yan jarida. Wanda ke kusa ya karɓa sau uku, tsohuwar da ke can cikin lungu ba wanda ya san da ita. In ba labari, rabon agaji ya zama jifa a duhu.

Mu da muka ga Oke-Afa

Mu mazauna Ikko bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002, da yamma, rumbun makamai na barikin soja na Ikeja ya kama da wuta, bama-bamai suka shiga tashi ɗaya bayan ɗaya. Ina Agege a lokacin, ban daɗe da zuwa ba. Ƙasa na girgiza, gilasan tagogi na zubowa. Wani ya ce juyin mulki ne. Wani ya ce yaƙi ne. Wani ya ce faɗan ƙabilanci ne ya sake tashi, wanda a shekarun nan ba abin mamaki ba ne. Muka zuba a guje, ba wanda ya san abin da yake gudu, balle inda ya nufa. Wayar salula ba ta fi wata shida da shigowa ƙasar nan ba, layi kaɗai ya fi ƙarfin talaka.

Jama'ar da suka yi wajen Isolo da Ejigbo suka auka cikin magudanar ruwa ta Oke-Afa. Ciyawar ruwa ta lulluɓe samanta, a cikin ruɗani sai ka ɗauka fili ne. Na gaba suka nutse, na baya suka tako su. Sama da mutum 1,000 suka rasu a wannan rana, mafi yawansu ba bam ne ya taɓa su ba, ruwa ne da turmutsutsu, kuma yara suna da yawa a ciki.

Na sani, wannan ba ambaliya ba ce ko girgizar ƙasa. Amma ka ɗauka a cikin rabin sa'ar farko an samu murya ɗaya da jama'a suka yarda da ita, ta ce: barikin Ikeja ne, ba yaƙi ake ba, kada kowa ya bi ta Oke-Afa. Da ya ce rashin sani ya fi dare duhu, Bahaushe bai yi ƙarya ba.

Yau kowa na da waya, sai matsalar ta juya. A 2002 ba labari, yanzu labarin ne ya yi yawa. Ruwa na sauka za ka ga an ɗauko bidiyon wata ƙasa na shekara biyar baya, an ce Gadar Third Mainland ce ta karye, "a tura wa 'yan'uwa don Allah". Inda hukuma ta yi shiru, mai jita-jita ne ke hawa mumbari. Samar da muryar da za ta riga shi isa kunnen mutane aiki ne, kuma da kuɗi ake yin sa.

"Ai wannan aikin kamfanonin waya ne"

Haka wani abokina ya ce da na ba shi labari. Suna cin ribar kati da data, su gyara kayansu.

Akwai gaskiya a ciki, amma a duba yadda abin yake aiki. Ƙarfen sabis ɗin nan da kake gani a unguwa, wato turke, yawanci da janareto da man gas yake rayuwa, kuma janareton a ƙasa yake. Ruwa ya hau shi, batir ya riƙe na wasu sa'o'i, shi ke nan. Wanda ruwa bai taɓa ba, in hanya ta yanke motar mai ba za ta iso ba, shi ma ya mutu bayan kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya tsira kuma kira ya yi masa yawa, don kowa a lokaci ɗaya yake neman nasa. Ko ranar Sallah da safe muna ganin haka, balle ranar tashin hankali. Ɗan kasuwa don cinikin yau da kullum yake gina rumfarsa. Ba zai sayi kayan da za su zauna ba aiki shekara uku ba, sai doka ta tilasta masa ko an raba nauyin da shi.

Mu a nan mun ɗanɗana. Ranar 14 ga Maris 2024, kwana huɗu da kama azumi, manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku suka lalace a wajen gaɓar Kwaddibuwa. Ikko ce mashigar irin waɗannan wayoyi zuwa Najeriya. A kasuwa ranar taransifa ta maƙale, mai saye ya ce an cire masa, mai sayarwa ya ce bai gani ba, ga tumatir na laushi a kwando. Ba gidan da ya rushe, ba wanda ruwa ya ci, amma gari ya rikice. 'Yan'uwanmu na Zamfara ma sun sani, tun da aka rufe musu layuka a Satumban 2021 saboda tsaro, mutum ya hau mota zuwa wata jiha don kawai ya ce wa ɗansa yana lafiya.

A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa a cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Tun da an ƙara mana kuɗi da sunan inganta aiki, muna da bakin tambaya. Ina turakun sabis na tafi-da-gidanka, waɗanda ake ɗorawa a mota a kai inda na ƙasa ya mutu? Guda nawa ne, a ina aka girke su? Me zai hana a yi yarjejeniya tun yanzu cewa a yankin da bala'i ya faɗa, kowace waya ta hau kowane turke da ya rage da rai, ko na wane kamfani ne?

Akwai kuma wata fasaha da ni na fi ƙwallafa rai a kanta, ni shelar turke nake kiran ta. Ba saƙon tes ba ne da ake tura wa lamba-lamba, wanda ke maƙalewa in layi ya cunkushe. Turken ne da kansa ke yin shela ga duk wayar da ke ƙarƙashinsa a lokaci ɗaya, ko ta ɗan gari ce ko ta direban da ya tsaya shan shayi, ba sai an san lambarsa ba. Japan da ita take faɗakarwa kan girgizar ƙasa, Amurka ta fara amfani da ita tun 2012. Mutanen Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa, da asubar 29 ga Mayu 2025 ruwa ya same su, da yawa suna kwance, aka rasa sama da rai 150. Duk wanda ke bin hanyar Ilori zuwa gida ya san Mokwa, ya ci abinci a can, ya yi salla a can. Ban ce ƙarar waya za ta ceci kowa ba. Amma minti goma ya ishi uwa ta goya ɗa ta hau tudu.

Kuɗin fa?

Ba sabon haraji nake nema ba, wanda ke kanmu ya ishe mu. Tukwanen suna nan.

Akwai Asusun Kula da Muhalli da aka kafa tun 1981, wanda tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi kowa ke da kaso a ciki, daga nan ma hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, take samun wani ɓangare na kuɗinta. Akwai asusun USPF da dokar sadarwa ta 2003 ta samar don kai sabis inda kasuwa ba ta kai ba. To wane wuri ya fi garin da ruwa ya yanke cancantar wannan suna? Nan Legas akwai hukumar agajin gaggawa ta jiha, LASEMA, akwai layukan kar-ta-kwana 767 da 112, kuma NCC ta gina cibiyoyin amsa kiran 112 a jihohi da dama. Harsashi dai an zuba. Amma shi 112 ɗin sai da sabis yake shiga, sai kuma wayarka na da caji. Nan ne giɓin yake.

Sannan ga gudummawar da ake tarawa bayan an yi ɓarna. Bayan Maiduguri gwamnoni da attajirai sun yi ta sanar da biliyoyin naira, Allah ya saka musu. Sai dai wannan ihu ne bayan hari. Shinkafa ana iya sayen ta a kasuwa yau a loda gobe. Kayan sadarwa ba haka suke ba. Sai an shigo da su, an fitar da su daga hannun kwastan, an samu izinin zangon da za su yi magana a kai, an koya wa mutane riƙe su. Matsalar tsohuwa ce, har yarjejeniya ƙasashen duniya suka ƙulla a kanta a birnin Tampere a 1998, don kada kayan sadarwar agaji su riƙa kwana a tashar jirgi ana cike takardu mutane na mutuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A 2012 ambaliya ta raba sama da mutum miliyan 2 da gidajensu a ƙasar nan, a 2022 ta kashe sama da 600. Hukumar hasashen yanayi NiMet da ta lura da ruwan koguna NIHSA kuma duk shekara suna fitar da hasashen inda ruwa zai yi ɓarna. Ba wanda zai ce ba a gaya masa ba.

"Cinye kuɗin za su yi"

Wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi, ba zan yi kamar ban gan ta ba. A 2010 an ba da kwangilar dala miliyan 470 don kafa kyamarorin tsaro da hanyar sadarwar jami'an tsaro, musamman a Abuja da Legas, da bashin da aka ciwo daga Sin. Majalisa ta yi bincike a kai, har kotu aka je, jama'a kuwa turakun da suka yi tsatsa suke gani a bakin titi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk wanda ya ce "fasaha" a gaban ɗan Najeriya, kwangila yake ji.

To amma ita shinkafar ba a cin ta ne? A Oktoban 2020 kowa ya ga rumbunan kayan tallafin korona da jama'a suka fasa, har nan Legas, buhuna jibge. Ba wanda ya ce daga ranar a daina sayen abincin agaji.

Kayan sadarwa ma suna da wani abu da buhu ba shi da shi: ana iya gwada su a bainar jama'a. In an ce an raba buhu dubu goma, wa zai ƙirga? Amma in an ce an kafa shelar turke, a sa rana, a ce ranar kaza da ƙarfe goma na safe duk wayar da ke Ketu da Agiliti za ta yi ƙara. Ko ta yi, ko ba ta yi ba. Mai sayar da albasa ma alƙali ne a wannan shari'ar. Shi ya sa na ce kuɗin ya fi karkata ga gwaji da gyara da albashi. Batir in an kulle shi a sito shekara biyu mutuwa yake. Kwanon intanet na tauraron ɗan'adam, irin na Starlink da ya shigo ƙasar nan a farkon 2023, in ba a biya kuɗin wata ba faranti ne kawai. Ɗan kwangila ba ya son irin wannan kashe kuɗin don ba shi da maiƙo, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka nan ne amfanin yake.

Wani kuma zai ce Turawan agaji za su kawo. Suna kawowa. A 2016 Hukumar Abinci ta Duniya ta fara jagorantar samar da intanet da rediyon sadarwa ga ma'aikatan agaji a arewa maso gabas. Akwai wata ƙungiya a Faransa da aka kafa a 1998, aikinta ta isa inda bala'i ya faɗa ta ba mutane kiran 'yan mintuna kyauta su sanar da danginsu suna raye, daidai abin da mai keke napep ɗin nan ya yi. Amma tun da Amurka ta janye mafi yawan tallafinta a 2025, wanda duk ya jingina da wannan bangon ya ji yadda yake motsi.

Da wane harshe?

Nan ne abin ya fi shafar mu, Hausawan Ikko.

Kusan duk shekara, in damina ta yi nisa, akan saki ruwa daga madatsar Oyan da ke kusa da Abekuta. Ruwan ya biyo Kogin Ogun ya gangaro ta Kara da Isheri, ya taɓa Owode da Ajegunlen hanyar Ikorodu da Agiliti da bayan Mile 12. Gwamnati takan fitar da sanarwa, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma ina sanarwar ke fita? A jaridar Turanci, a talabijin, a shafin X. Yanzu ka je Kara da dare ka ga su wa ke kwance a gefen shanu. Ka leƙa rumfunan da 'yan dako da masu tura baro da masu gadi ke shimfiɗa kwali. Yawancinsu 'yan ci-rani ne, ba Turanci ba Yarbanci, wayarsu ƙaramar nan ce mai tocila. Su ne suka fi kowa kusa da bakin ruwa, su ne na ƙarshen ji.

Saboda haka in ana maganar kuɗin sadarwa, kada hankali ya tafi ga tauraron ɗan'adam kaɗai. Albashin wanda zai mayar da sanarwa zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka cikin minti goma, ya karanta ta da murya, shi ma kuɗin sadarwa ne. Sayen lokaci a gidan rediyo haka. Bahaushe da rediyonsa ai sai Allah, ga shi batir biyu ya ishe ta mako guda, ba ruwanta da turke.

Ƙasar da nake yawan tunawa a nan ita ce Bangaladash. Guguwar teku ta 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a can. Ta 1991 ta kashe kimanin 138,000. Ta 2007, mai ƙarfi ita ma, mutum dubu uku da 'yan ɗaruruwa. Sun gina mafaka masu tsawo, gaskiya ne, hasashen yanayi ma ya inganta. Amma abin da ke kai labari ƙofar gida dubun-dubatar 'yan sa-kai ne, maza da mata, da rediyon sadarwa da lasifikar hannu da tutoci, wasu a kan keke, suna bi ƙauye-ƙauye. Ba ƙasa ce mai arziki ba. Sanƙira suka mayar ma'aikaci, suka ba shi horo da kayan aiki.

Mu kuwa muna da namu a shirye. Kowane masallaci na da lasifika, kuma ladan ya riga kowa tashi. Akwai Sarkin Hausawa a Agege, akwai sarakuna da shugabanni a Idi-Araba da Alaba Rago da sauran zangonni, kowace ƙungiyar kasuwa na da sakatare. Abin da ya rage a haɗa su da hukuma ta hanyar da ba ta mutuwa in an ɗauke wuta: oba-oba ɗaya, batir ɗaya, da sunan mutum ɗaya da aka san shi ke ɗauka ko ƙarfe uku na dare ne.

A nan sai na ɗan ja wa yaron nan birki. Bahaushe ya rataya oba-oba a Legas ba takarda, kafin ya yi bayani ya kwana a caji ofis, don 'yan bindiga sun ɓata wa abin suna. Sai an bi ta hukuma, an yi rajista, an san wa ke riƙe da wanne. Wannan ma dalili ne na a fara tun yanzu, don takarda a ƙasar nan ba ta fita ranar da aka nema.

Jiya na biya ta shagon yaron. Na ce masa ya je kasuwar kayan lantarki ta Alaba ya jiyo farashin komai, ya rubuto a takarda, ranar zama mai zuwa ni zan miƙe in gabatar, in za a yi dariya a yi da ni. Daga nan na wuce wajen Baba, na gaishe shi, na ba shi labarin maƙwabcina ɗan Barno tun daga ƙwanƙwasa ƙofa har zuwa maganin hawan jini. Ya yi shiru yana jan carbi, ya daɗe. Sannan ya ce, "To shi batirin, a ɗakin wa za a ajiye shi? Don rumfar nan tamu in ruwa ya zo ita ce ta farkon nutsewa."